Ranar da na kashe wayar Gwaggo

Wayar ba ta faɗi ba, kuma ba ta shiga ruwa ba. Gwaggo ta kwanta da ita lafiya lau a Bungudu, da asuba ta kunna sai tambarin kamfani ya fito ya tsaya cak. Ya ɗauke, ya dawo, ya ɗauke, ya dawo. Kwana biyu tana wannan hali kafin a aiko mini da ita Gusau ta hannun wani direba, an naɗe ta a baƙar leda, tare da saƙon baki cewa tun da ni ne ɗan jami'a mai karatun kwamfuta, in duba mata.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce. Tana sayen gyaɗa da waken suya lokacin kaka ta ajiye, tana kuma ba mata masu ƙuli-ƙuli da masu awara bashi su biya bayan kasuwa. Ba ta rubutun boko, don haka wayar ce littafin bashinta. Duk wadda ta karɓi tiya biyar ko rabin buhu, sai Gwaggo ta danna wurin ɗaukar murya ta faɗi sunanta da abin da ta karɓa da ranar. Na san da wannan. Ku riƙe shi a ranku, domin shi ne abin da ya fi ci mini rai daga baya.

Na ɗan taɓa zaman koyon gyaran waya a wani shago a Gusau lokacin da nake jiran sakamakon JAMB, kuma na sha ganin maigidana yana yi wa wayoyi filashin. A idona aikin bai wuce danna maɓalli uku ba. Sai na ce ba sai na kai shago ba. Na sayi data, na rubuta sunan samfurin wayar a intanet, na sauke fayil ɗin farko da ya fito, na buɗe SP Flash Tool a laftof ɗina, na jona wayar. Jan layi ya wuce, rawaya ya biyo baya ya cika, alamar nasara ta fito koriya shar. Na cire kebul na danna maɓallin kunnawa.

Shiru. Ko tambarin da take nunawa a da babu. Na sa ta a caji, ko ɗigon haske. Waya mai ciwo aka kawo mini, na mayar da ita gawa.

Wa ke tayar da waya?

Kafin in faɗi yadda aka ƙare, bari mu duba abin da ke faruwa a cikin daƙiƙun nan da ke tsakanin danna maɓalli da fitowar hoton fuskar wayarka, domin a nan kuskurena yake.

Wanda ya taɓa hura wutar icce ya san ba a kunna gungume da ashana. Ashana tana kama yayi, yayi ya kama kara, kara ya kama ƙirare, sannan gungume ya ɗauka. Haka waya take tashi. A cikin babban cif ɗinta akwai wani ɗan ƙaramin umarni da aka dasa tun a masana'anta, ba ya goguwa, ba ya canzuwa. Shi ne ashanar. Aikinsa kaɗan ne: ya leƙa wani keɓaɓɓen wuri a ma'ajiyar wayar ya ɗauko umarni na biyu ya tayar da shi. A wayoyin da ke ɗauke da cif ɗin kamfanin MediaTek na ƙasar Taiwan, waɗanda su ne kaso mai yawa na wayoyin da ke hannunmu a nan, wannan na biyun masu gyara suna ce masa firiloda. Shi ke farkar da RAM, wato wurin da waya ke baje aikinta idan tana kunne. Daga nan sai ya kira na uku, butloda, wanda shi ne ke nuna tambarin kamfani. Butloda ya ɗauko ƙwayar babbar manhaja, wadda ake kira kanel, ita kuma ta tayar da sauran Android gaba ɗaya: sikirin, sauti, kyamara, layin kira, har WhatsApp ɗinka.

Wannan kanel ɗin ba baƙo ba ne. Linux ne, wanda wani ɗalibin jami'a ɗan ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana da shekara 21. Kamfanin Google ya sayi Android a 2005, wayar farko mai Android ta shiga kasuwa a 2008, kuma har yau a kan Linux ɗin nan take zaune. Ina son in riƙa tuna shekarun mutumin nan duk lokacin da wani ya ce mini wai ni yaro ne.

To idan waya ta tsaya a kan tambari, ma'anarsa ashana ta kama, yayi ya kama, kara ya kama, gungumen ne ya ƙi. Wani abu ya lalace a can gaba, wataƙila batir ya mutu ana tsakiyar sabunta manhaja, ko ma'ajiya ta cika maƙil, ko ma'ajiyar ce ta fara tsufa. Idan kuwa ko tambari babu, to matsalar tana can farkon layi.

Abin da ake zubawa a waya lokacin filashin shi ake kira imej. Kada sunan ya ruɗe ka, ba hoton da ake kallo ba ne. Bambancinsa da kwafin fayil na yau da kullum shi ne wannan: idan ka tura waƙa daga waya zuwa memori, kamar ka kwashe kayan shago ne ka zuba a buhu, duk inda suka faɗa daidai ne. Imej kuwa shagon ne sukutum da kantocinsa, kowane kaya a kan layinsa da lambarsa. Dole sai haka, domin ɗan umarnin nan na farko ba shi da wayon neman fayil da suna. Adireshi guda ya sani. Idan ya je bai tarar da abin da yake nema a nan ba, ya tsaya ke nan.

Ma'ajiyar waya a yanke take gida-gida kamar filin da aka raba fuloti: ga na firiloda, ga na butloda, ga na kanel, ga na Android, ga wani ƙarami mai riƙe da lambar IMEI da bayanan layin kira, sannan ga mafi girma, na kayan mai waya. A wayoyin MediaTek akwai wani ɗan fayil na rubutu da ke zuwa tare da imej, ana ce masa sikata, shi ne taswirar fulotan: wane gida ya fara daga ina, ya ƙare a ina. Wayoyi masu cif ɗin Unisoc, irin su ƙananan itel da yawa, nasu a dunƙule yake zuwa cikin fayil guda mai ƙarewa da pac. Samsung kuma da manhajar Odin ake zuba mata. Hanya ce ta bambanta, aikin ɗaya ne.

Me ya sa kowace waya sai da nata?

Wannan tambayar ta daɗe tana damuna. Filas guda mai ɗauke da Windows ko Ubuntu zai yi aiki a kan HP, ya yi a kan Dell, ya yi a kan Lenovo. Me ya hana a yi imej guda na Android da zai hau kowace waya?

Amsar ita ce kwamfutoci suna da yarjejeniya a tsakaninsu tun shekarun 1980. Kowace tana da wata manhaja a jikin allonta, a da BIOS, yanzu UEFI, wadda ke tayar da na'urar, ta nemi filas ko faifai, sannan ta gabatar wa babbar manhaja da kayan da ke cikin kwamfutar ɗaya bayan ɗaya. Babbar manhaja tana iya tambaya, a ba ta amsa. Waya ba ta da wannan ladabin. Sikirin ɗinta ba ya faɗin sunansa, cif ɗin caji ba ya cewa ga ni. Dole a rubuta wa kanel takarda tun kafin ya tashi, a ce masa sikirin iri kaza ne kuma a ƙafa kaza aka jona shi, maɓallin ƙara sauti yana kan layi kaza. Wannan takardar masana suna kiranta bishiyar na'ura, saboda yadda bayanan ke rassa. Kowace waya da tata.

Abin bai tsaya nan ba. Waya biyu masu suna ɗaya da kwali iri ɗaya suna iya bambanta a ciki, domin kamfani yakan canza mai sayar masa da RAM ko sikirin a tsakiyar shekara ba tare da ya canza sunan samfurin ba. Abin da ke bambanta su shi ne lambar gini, wani dogon layin haruffa da lambobi da ke cikin saitin waya a ƙarƙashin bayanin wayar, wani lokaci kuma da rubutun da ke jikin allon injin. Ni sunan da ke bayan murfi kawai na duba.

A gaban maigida

Washegari na ɗauki gawar na nufi shago, ina tafe ina shirya yadda zan faɗi maganar. Maigidana ya saurare ni har na gama bai katse ni ba, sannan ya ce, "Malam ɗan jami'a, da ka buɗe sikata, gidajen nan da suka jeru, wanne ka cire wa alama?"

Na ce, "Oga, ban cire ko ɗaya ba."

Ya ce, "To ka zuba mata firilodar wata."

Firiloda yana ɗauke da bayanin irin RAM ɗin da zai farkar. Wanda na zuba na wani zubin wayar ne mai RAM daban, don haka yana tashi sai ya yi ta kiran abin da babu shi, layin ya yanke tun a mataki na biyu. Abin da ya cece ni shi ne ashanar nan da ba ta goguwa. Maigida ya buɗe bayan wayar, ya cire igiyar batir, ya nemo wani ɗan ɗigon ƙarfe a jikin allon, ya taɓa shi da hantsaki ya haɗa da jikin ƙarfen injin, ni kuma ya ce in jona kebul. Kwamfuta ta yi ƙara alamar ta ga wani abu. Wannan dabarar tana hana cif ɗin bin gurɓataccen firiloda, sai ya tsaya yana sauraron kebul. (Sababbin wayoyi da yawa ba sa yarda da wannan sai da izinin kamfani, kuma taɓa ɗigon da ba shi ba yana iya ƙona allo. Ba abin gwadawa a ɗaki ba ne.)

Daga nan ya jawo wani tsohon hadis daga aljihun tebur, ya nemo imej ɗin da ya dace da lambar da ke jikin allon. Ba daga intanet ya samo shi ba, shi da kansa ya kwafo shi daga cikin wata lafiyayyar waya irinta da aka taɓa kawo masa canjin sikirin. Ko minti goma ba a yi ba tambari ya fito, ya wuce, wayar ta buɗe tana yi mana maraba kamar yau aka fitar da ita daga kwali.

A nan ne gabana ya faɗi. Kamar sabuwa, wato babu komai a ciki. Cikin gidajen da na bari da alama har da na kayan mai waya, kuma tun a daren jiya na shafe shi da hannuna. Maigida ya ce da an kawo masa tun farko, zai fara ne da zuba gidajen manhaja kaɗai ya bar na kayanta, in an yi sa'a ta tashi da komai nata. Bai ce tabbas ba ne. Amma ni ko damar ban ba ta ba.

Abu ɗaya na tsallake. A SP Flash Tool akwai zaɓin da ke share ma'ajiya gaba ɗaya kafin ya zuba sabo, kuma Allah ya sa ban taɓa shi ba. Wannan zaɓin yana tafiya har da gidan IMEI, lambar nan mai alƙaluma 15 da za ka gani idan ka danna *#06#. Wayar da ta rasa ta za ta kunnu, ta yi hoto, ta buga wasa, amma ba za ta ga sabis ba.

Na tambayi maigida yaushe ya fara tara imej a hadis. Ya ce da ma yana ɗan ajiyewa, amma 2021 ce ta koya masa hankali. Waɗanda ke ajin ƙarshe yanzu za su tuna: a farkon Satumbar shekarar hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanoni su rufe layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro. Ni ina Tsafe a lokacin, ina sakandare, kuma na ga yadda mutane ke shiga mota su bar jihar don kawai su kira ɗan uwa. An dawo da sabis a Gusau a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba aka ba da umarnin buɗe musu. A makonnin nan mai gyaran da ya dogara da saukewa daga intanet ya zama ɗan kallo, wanda ke da hadis shi ke aiki. Tun daga nan duk wayar da ta shigo shagon da lafiyayyar manhaja, in samfurin da ba shi da shi ne, sai ya nemi izinin mai ita ya kwafi gidajen manhajar, ban da na kayanta, ya rubuta lambar gini a sunan fayil ɗin.

Yana da wata doka kuma. Tun daga Android 5.1, wanda ya fito a 2015, idan aka goge waya ta ƙarfi sai ta nemi asusun Google na mai ita kafin ta buɗe. An yi haka ne don wayar sata ta zama ba ta da amfani. Kusan kullum sai wani ya zo shago yana cewa ya manta asusunsa a cire masa. Wasu gaskiya suke faɗa, musamman iyayenmu da wani ya buɗe musu asusun a shagon caji ya manta. Amma maigida ba ya taɓawa sai ya ga kwali ko rasit. Na taɓa ganin hakan tsauri ne, har ranar da na ga an zo da wani saurayi kasuwa ana tambayarsa wa ya buɗe masa wayar da ke hannunsa.

Na gina nawa

Kunyar abin da ya faru ce ta sa na ce sai na fahimci yadda ake haɗa imej tun daga tushe, ba saukewa kawai ba. Na fara da duba Android kansa, domin a buɗe lambobinsa suke ga kowa. Da na ga abin da Google ya ce ana bukata, sarari gigabait 400 a faifai da RAM gigabait 64, sai na rufe shafin a hankali. Laftof ɗina RAM 8 gare shi.

Sai na ci karo da postmarketOS, wani aiki na 'yan sa-kai da aka fara a 2017 da nufin tsawaita rayuwar tsofaffin wayoyi ta hanyar ɗora musu Linux na sosai a maimakon Android. Suna da wata manhaja, pmbootstrap, wadda ke haɗa maka imej daidai da wayarka. A gidanmu na Tsafe akwai wata Samsung Galaxy S3, samfurin 2012, da ta shekara biyar a cikin kwabar mahaifiyata, batirinta ya kumbura. Na duba jerin wayoyin da aikin ya sani, na same ta. Na sayi batir na gwanjo. Wannan karon ba wayar kowa ba ce, kuma babu bashin kowa a ciki.

Ga yadda aikin yake a taƙaice. Manhajar tana gudana ne a kan kwamfuta mai Linux. Za ta tambaye ka kamfanin wayar da samfurinta da irin fuskar da kake so. Sannan ta tattaro abubuwa huɗu: kanel da aka daidaita wa cif ɗin wayar, bishiyar na'urar nan, wani ɗan ƙaramin tsari na wucin gadi da ke taimaka wa kanel ya gano inda sauran kayan suke, da kuma babban ɗakin fayiloli inda manhajoji ke zaune. Akwai wata matsala a tsakiya: cif ɗin laftof da na waya ba yare ɗaya suke ji ba. Na laftof dangin x86 ne, na waya dangin ARM. Umarnin da aka shirya wa ɗaya, ɗayan ba zai gane shi ba. Don haka manhajar takan kwaikwayi cif ɗin ARM a cikin laftof ɗin, ta shirya kayan a can, kamar tela da ke ɗinka wa yaron da ba ya nan riga da awon da aka aiko masa.

Dare uku na yi. Na farko data ta ƙare ana tsakiyar saukewa. Na biyu aka ɗauke wuta, batirin laftof ya bi. Na uku aka gama, na rubuta babban ɗakin fayilolin a kan memori, na danne maɓallin rage sauti da na tsakiya da na kunnawa a tare don wayar ta shiga yanayin karɓar manhaja, na zuba kanel ta kebul. Ta tashi ta tsaya tana cewa ba ta ga ɗakin fayiloli ba. Na yi awa biyu ina zargin kaina kafin in gano memorin ne na jabu: an rubuta gigabait 32 a jikinsa, ainihin cikinsa bai kai haka ba, duk abin da ya wuce iyakarsa sai ya ɓace ba tare da ya ce uffan ba. Na ari na ƙanwata. Wajen ƙarfe biyu na dare rubutu fari ya fara gudu a kan baƙin sikirin, wayar da aka haifa ina ɗan firamare ta tashi da tsarin da na haɗa da hannuna.

Kada in yi muku ƙarya, ba ta zama wayar amfani ba. Ba ta kira, kyamara ba ta aiki, tana kuma da nauyin jiki. Dalilin shi ne kamfanoni suna sakin lambobin kanel saboda lasisin Linux ya wajabta musu, amma direbobin wasu sassa a rufe suke, sai 'yan sa-kai sun yi ta lalube. A ganina wannan rashin adalci ne ga mai saye: ka biya kuɗin waya, amma ranar da kamfani ya daina aiko mata da sabuntawa, kai da ita sai kallo. Duk da haka tana hawa Wi-Fi, kuma yanzu a kanta nake gwada ƙananan shirye-shiryen Python da ake ba mu a aji.

Na'urar POS da ke kan teburin mai cire kuɗi a bakin tashar Tsafe, da BVAS da aka tantance masu zaɓe da ita a 2023, da dikodar talabijin, duk 'yan gida ɗaya ne da wayar nan: ƙaramar kwamfuta mai aiki guda, wadda wani ya zauna ya haɗa mata imej. Kusan duk a waje ake haɗa su. Masu gyaranmu na Gusau, da na Farm Centre a Kano, sun ƙware wajen zubawa, kuma ba ƙaramar ƙwarewa ba ce. Masu haɗawar ne ba mu da su da yawa.

In kana son farawa

Kada ka fara da waya, balle ta mahaifiyarka. Fara da filas mai gigabait 8 da kwamfutar da aka ba ka izini, ko ta ɗakin kwamfutar makarantarku idan malami ya yarda ya tsaya a kai. Sauke imej ɗin Ubuntu ko Linux Mint daga shafinsu na asali, kyauta ne. A shafin za ka ga wani dogon layi mai haruffa da lambobi 64, ana ce masa SHA-256. Wannan shi ne zanen yatsan fayil ɗin. Ka sa kwamfutarka ta lissafa na wanda ka sauke ka gwada su; ko harafi ɗaya ya saɓa, fayil ɗin ya samu matsala a hanya, ka sake saukewa. Da sabis irin namu mai yankewa, wannan matakin ba ado ba ne.

Sannan ka rubuta imej ɗin a filas da manhajar Rufus. Jan fayil ɗin ka jefa cikin filas ba zai yi ba, dalilin shagon nan da buhu. Rufus zai share duk abin da ke filas ɗin, don haka ka duba sau biyu cewa filas ɗin ka zaɓa, ba hadis ɗin wani ba. Idan ya gama, ka sake kunna kwamfutar kana danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi, F9 a yawancin HP, F12 a Dell da Lenovo. Ka zaɓi gwadawa, kada ka zaɓi girkawa. Linux zai tashi daga filas ɗin, ka yi yawo a ciki, ka kashe, ka zare, kwamfutar ta koma yadda take ba abin da ya taɓa ta. A tsofaffin kwamfutoci masu BIOS, abin da na'urar ke dubawa shi ne bait 512 na farkon filas ɗin, ta ga ko sun ƙare da alamar 55 AA. Ƙananan alamu biyu ne ke gaya mata cewa wannan abin tayarwa ne.

Wanda kuma zai kai waya filashin, ya cire memori da layi tukuna, ya tambayi mai gyara ko za a iya gwadawa ba tare da an taɓa kayansa ba, ya kuma tabbata ya san asusun Google ɗinsa da kalmar sirrinsa kafin a fara.

Ranar Juma'a na shiga mota zuwa Bungudu da wayar a aljihu. Tafiyar ba ta kai rabin awa ba, amma na so a ce ta fi haka. Na gaishe da Gwaggo, na miƙa mata, na faɗa mata gaskiya tun kafin ta kunna. Hotunan jikokinta suna memori, sun tsira. Lambobin da ke kan layi suna nan. Muryoyin bashi kuwa, na kusan wata bakwai, sun tafi.

Ta daɗe tana juya wayar a hannu. Sannan ta ce, "Ɗan nan, kai da kac ce ka iya?"

Na ce, "Gwaggo, ban ce ba, amma na yi kamar na iya."

Ta aiki yaro ya sayo littafi mai shafi arba'in da biro, ta ce in zauna. Ta fara kiran sunaye daga ka, ni ina rubutawa: wance tiya shida ta gyaɗa, wance rabin buhun waken suya ta biya rabi. Mun samu mata goma sha tara. Ta ce akwai saura huɗu ko biyar da ta san sun karɓa amma adadin ya kwance mata, waɗannan sai dai abin da suka kawo. Kafin in tafi na buɗe mata asusun da zai riƙa adana muryoyin a intanet, na rubuta kalmar sirrin a bangon littafin na ciki, na nuna wa babbar 'yarta da ke aji biyu na babbar sakandare yadda za ta riƙa duba ko sun hau duk ranar kasuwa. Gwaggo ta ce littafin ma a ci gaba da shi, yarinyar ta riƙa rubutawa.

Zuwa lokacin da nake wannan rubutu, biyu daga cikin matan da adadinsu ya kwance sun kawo kuɗi da kansu. Sauran ba su zo ba tukuna.